Mai gida ya ƙara kuɗin haya: mu riƙe majami'armu ko mu koma babban coci?

Dattijo Bitrus: Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Dattawa sun ce in kawo maganar nan gaban kowa, domin ranar Lahadi lokaci bai ishe mu ba, masu gadi da yawa kuma suna bakin aiki. Takardar mai gida ta iso hannunmu. Hayar zauren da muke sujada a Ketu, nan Legas, ta tashi daga naira miliyan 1.8 zuwa miliyan 3 a shekara, ejan ɗinsa kuma ya ce shekara biyu suke so a dunƙule. Hayarmu ta yanzu za ta ƙare ƙarshen watan Yuni.

Abin da ke shigowa a wata, baiko da zakka gaba ɗaya, bai cika wuce 450,000 ba. Kason da muke ba gundumar ekklisiya 90,000 ne. Albashin Baba Fasto 130,000, mai bishara da mai shara 40,000, fetur da kuɗin wuta kusan 85,000, taimakon marasa lafiya da masu makoki wajen 60,000. Ku duba abin da ya rage. Da ma baikon godiyar kaka ne ke ɗauke mana nauyin haya kowace shekara, na bara kuwa bai kai ba. Yanzu haka 1,150,000 ne a asusun banki. Gunduma ta ce in mun kasa, mu rufe nan mu koma babban coci, za su ba mu sujadar Hausa da ƙarfe shida da rabi na safe. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma da ladabi.

Mama Saratu: Wayyo Allah na. Miliyan uku a kan zauren da rufinsa ke yoyo? Mu muka zuba siminti a ƙasan nan, mu muka sa tagogi. Wurin ajiye buhunan gari ne lokacin da muka same shi.

Istifanus: Baba Bitrus, mun gode da ka fito da lissafi fili. Na san maganata ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma ni ina ganin mu karɓi tayin gunduma. Abin da ke raguwa a wata 45,000 ne, a shekara 540,000, haya kuma miliyan 3. Ko mun yi wahala mun haɗa na bana, baɗi fa? Wanda ya ƙara yau zai ƙara gobe, kuma ba shi kaɗai ba ne, haya ta tashi ko'ina daga Ketu har Ojota. Babban coci ginin kansu ne, ba mai korarsu, suna da janareta babba, suna da azuzuwan yara. Ekklisiya mutane ce. In mun koma can, kuɗin da muke zuba wa mai gida sai ya tafi ga gwauraye da kuɗin makarantar marayu.

Danladi Maigadi: Yaya Istifanus, kai kana da mota. Ni ƙarfe bakwai na safe nake miƙa aiki, wani lokaci wanda zai karɓe ni sai bakwai da rabi. Sujadar shida da rabi ta wa ce? Daga bakin aiki nake tahowa da kayan gadi a jikina, in wanke fuska a famfon bayan coci, in shiga sujadar tara. Can kuwa mota biyu zan hau zuwa, biyu dawowa, ni da matata da yara uku. Gwamnati ta ce mafi ƙarancin albashi 70,000 ne tun 2024, mu da yawa a gadi ko shi ba ma gani. In aka rufe nan, ba babban coci zan koma ba, gida zan zauna. Ba ni kaɗai ba kuwa.

Markus daga Mubi: Gaskiya Danladi ya faɗa. Ina gida yanzu amma zuciyata na wurinku. Ku tuna abin da ya kwashe mu. A watan Yunin 2022 aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, muka ce mu a Kosofe mun tsira. Satumba na shigowa aka haɗa da mu. Kafin nan layuka huɗu na baya duk 'yan acaba ne, kuma 'yan acaba ba sa rowar baiko, abin da suka samu ranar Asabar shi suke sawa. Wasu an kwace musu babur, wasu suka koma Ikorodu da Mowe da Ibafo, irinmu muka tattara muka dawo arewa. Kada wani ya ɗauka mutane sun yi sanyi da Allah ne. Aljihu ne ya bushe.

Mama Saratu: Istifanus ɗana, bari in tambaye ka. Ran da yarinyar nan 'yar aikin gida ta rasu a asibiti, wadda iyayenta ke wani ƙauye bayan Pankshin, wa ya sani? Uwar ɗakinta ko sunan garinsu ba ta iya faɗa ba. Lambar Mama Fasto aka gani a wayarta. Zumuntar Mata ce ta wanke ta, maza suka nemo mota, muka bi layi-layi a kasuwar Mile 12 muna karɓar ɗari biyar, dubu ɗaya, har aka kai ta gida aka binne ta gaban uwarta. A babban coci mutum dubu ne, wa zai lura yarinya ɗaya ba ta zo ba? Nan kuwa in kujerarki ta zauna babu kowa Lahadi biyu, ta uku muna ƙofar gidan da kike aiki.

Yaran nan da ke saukowa daga tirelar tumatir da jaka ɗaya, ba su san kowa ba, ba Turanci ba Yarbanci, ina ake nuna musu? Ko 'yan'uwanmu Musulmi na kasuwa, in suka ji sunan yaro Bulus ne ko Ishaya, cewa suke je ka cocin Hausa na bayan layi, mutanenku na can. A benci suke kwana sati guda kafin a sama musu gadi ko dako. Wannan aikin ba a yinsa daga nesa.

Istifanus: Mama, ban musa ko ɗaya ba, ina cikin waɗanda suka yi rakiyar gawar har Bariga. Amma tunda an buɗe magana bari in ƙarasa. Watan Disamba da ya wuce, mutum nawa a cikinmu suka aika kuɗin ginin coci a ƙauyensu? Ni na aika. Akwai wanda ya sayi kwanon rufi bandir biyu, akwai wanda ya aika kuɗin kujeru ɗari. Ba laifi ba ne. Amma cocin da muke shiga sau ɗaya a shekara ya samu tayil, wanda aka yi wa 'ya'yanmu baftisma a cikinsa yana haya shekara ashirin da wani abu. Kowa cewa yake Legas wurin nema ne, baɗi zan koma gida. Masu faɗin haka wasunsu sun yi jikoki a nan. Lokacin da fili a Ikorodu bai kai kuɗin babur biyu ba, ba mu saya ba.

Na biyu, yau ce rana ta farko da na ga lissafin ekklisiyar nan dalla-dalla. Sai da wuta ta kama sannan aka kira mu. Mutane ba sa sakin kuɗi a inda ba sa ganin inda yake shiga.

Dattijo Bitrus: Istifanus, shekara tara ina riƙe da littafin nan, ko kwabo ba a taɓa nema an rasa ba. Sau nawa na biya kuɗin fetur daga aljihuna ban rubuta ba? In ana zargina a faɗa fili in ajiye makullin.

Istifanus: Baba, ka gafarce ni in haka maganar ta sauka, ba na zarginka, Allah ya sani. Tsarin nake magana. A 2 Sarakuna sura 12, da aka huda murfin akwati aka ajiye don gyaran Haikali, magatakardan sarki da babban firist ne suke ƙirga kuɗin tare. Bulus ma a 2 Korintiyawa sura 8 bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi, don kada a sami abin faɗa. Kariya ce gare ka. A riƙa manna lissafi a allon sanarwa duk ƙarshen wata, mutum uku su sa hannu, ɗaya daga Zumuntar Mata.

Mama Saratu: Wannan kam na goyi baya. Baba Bitrus kada ranka ya ɓaci, mun san amanarka. Mu a zumunta haka muke yi, kowace Alhamis ana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, shi ya sa asusunmu bai taɓa zama fanko ba.

Baba Yohanna: 'Ya'yana ku yi haƙuri, jikata ce ke rubuta mini. Ni na ga farkon wurin nan. Na bar aikin soja ina zaune a Ketu, muka fara taruwa mu bakwai a barandar wani ɗan'uwa, da Littafin Waƙoƙi guda biyu da ganga ɗaya. A cikinmu akwai mutumin Zuru, akwai Bachama, akwai Tangale, akwai Ngas, akwai ɗan Zangon Kataf. Kowa da yarensa, kowa da cocin da ya taso, wani ECWA, wani COCIN, wani EYN, wani LCCN. Hausa ce ta haɗa mu, don da ita aka koya mana addu'a tun muna yara. Tun 1932 aka gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, da shi iyayenmu suka koyi karatu. Ni na iya Turancin bariki, amma in ana wa'azi da shi kunnena ne kawai ke ji.

Ku tuna kuma, 'yan mishan na farko na ƙungiyar SIM, Gowans da Kent da Bingham, a Legas ɗin nan suka sauka a 1893 suna neman hanyar zuwa ƙasarmu. Biyu daga cikinsu sun mutu a 1894, ɗaya a Girku ɗaya a Bida. Ta garin nan bishara ta bi ta same mu. Yanzu mu da muka gangaro mu ce ba za mu iya riƙe ɗaki ɗaya a cikinsa ba? Maganar Istifanus ta fili gaskiya ce, ina wurin aka kawo ta a lokacin, aka ce a bari sai an gama ginin gida. Fanshona ba yawa, amma na wata ɗaya na ekklisiya ne.

Barista Hannatu: Na gode Baba. Kafin a shiga tara kuɗi, a san abin da doka ta ce. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida neman fiye da hayar shekara ɗaya daga wanda ke biya shekara-shekara. An cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga dokar, amma Ketu na ciki. Don haka maganar shekara biyu a dunƙule ba ta da tushe. In kuma yana son mu tashi, sai ya ba mu sanarwar wata shida, sai fa in takardar yarjejeniyarmu ta faɗi wani abu daban. Baba Bitrus, a turo mini ita yau in duba. Dokar ta kuma ba ɗan haya damar kai ƙara in ƙarin ya wuce hankali, ana duba abin da ake biya a gidajen unguwar.

Amma ba na ba da shawarar kotu. Ko mun yi nasara, zama da mai gidan da ka kai ƙara ba ya daɗi, kuma zai jira wa'adi ya cika ya ba mu takardar tashi. Akwai cibiyar sulhu ta Ma'aikatar Shari'a ta jihar da ke sasanta mai gida da ɗan haya kyauta, ita ce mataki na biyu. Na farko, a je a same shi shi kansa. Da ejan muke magana tun fara wannan abu, ejan kuwa kasonsa na ƙaruwa ne in haya ta ƙaru. Zuwa da kai ya fi aike. A tafi da rasit na siminti da tagogi da wayar wuta da muka sa, a nemi a rage, a kuma nemi biya kashi biyu.

Dattijo Bitrus: Rasit duk suna nan, Barista, har na kwanon da muka canja a gefen bagadi. Zan turo takardar da yamma. Maganar allon sanarwa kuma na karɓa.

Luka Mai Wuta: Ni 85,000 ɗin nan na fetur da wuta ne ke damuna. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta doshi 500, ƙarshen 2024 ta haye 1,000. Layinmu kuma aka mayar da shi rukunin wutar lantarki na Band A, wanda a Afrilun 2024 kuɗinsa ya tashi daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Mu kuwa ba mu canja komai ba. Lasifika huɗu manya muke kunnawa a ɗakin da in Baba Fasto ya yi tari na baya zai ji. Ranar Talata mutum goma sha biyu ke zuwa nazarin Littafi, a tayar musu da babban janareta. A kashe lasifika biyu, a sa ƙananan ƙwayaye marasa cin wuta, tsakiyar mako a yi amfani da fitilar caji da fanka mai batir. Rabin kuɗin nan zai dawo. Sola ita ce magani, amma ba bana ba. Aikin hannu kyauta zan yi.

Ladi ta Mawaƙa: Yaya Luka, lasifikar kam a rage, maƙwabta ma sun sha yin ƙorafi. Ranar da wuta ta ɗauke muka yi waƙa da ganga da kacau-kacau da tulu kawai, tsofaffi har rawa suka taka.

Malama Rifkatu: Akwai abin da ba wanda ya taɓo, ni kuma kowace Lahadi ina ganinsa. Yara arba'in da wani abu nake koyarwa a makarantar Lahadi. In na yi tambaya da Hausa, da Turancin Legas suke amsa mini, wasu Yarbancinsu ya fi Hausarsu. Ayar haddacewa sai na rubuta ta harshe biyu. Matasanmu da suka gama sakandare rabinsu sun koma manyan cocin Turanci na kan titi. Ba ina cewa a rufe ba ne, ina tare da Danladi. Amma in za mu sha wannan wahala, mu san don wa muke sha. In don sababbin zuwa ne da masu gadi da iyayenmu, to, ya isa dalili. In kuma muna so 'ya'yanmu su gaji wurin, sai an ba su wani abu nasu, ko da sujadar matasa ce da yamma da harshen da suke so.

Sannan zauren nan kusan a kulle yake daga Litinin zuwa Juma'a, in ban da ɗan taron tsakiyar mako, mu kuwa hayar kwana bakwai muke biya. Ni da malamai biyu za mu iya buɗe darasin yamma na yaran unguwa, da ajin yaƙi da jahilci na manya, a karɓi kuɗi kaɗan, rabi na ekklisiya.

Barista Hannatu: Shawara mai kyau, amma sai mai gida ya yarda a rubuce, kada ya ce mun mayar da wurin makaranta ya samu hujja a kanmu. A haɗa da ita cikin abin da za a je da shi.

Baba Fasto: Salama. Na karanta duka, na gode wa Allah da ba wanda ya ɓoye abin da ke ransa. Bitrus, ekklisiya ta san amincinka. Istifanus, tambayarka ta baɗi tana nan, ba a amsa ta ba tukuna. Ni da Mama mun yi shawara, a riƙa cire 30,000 daga albashina har a biya haya. Zan kuma rubuta wa gunduma in roƙa a ɗage mana kasonmu na wata shida. Ban san abin da za su ce ba, su ma suna da masu bishara a ƙauyuka da ke jiran wannan kuɗi.

Mama Saratu: A'a Baba, wannan kam ba mu yarda ba. Yaranka biyu na makaranta, mun san nawa ake sayar da mudun shinkafa. Kunya ce gare mu. Zumuntar Mata ta yi magana tun jiya: kwasar adashinmu ta wannan wata, 200,000, wadda ta faɗo a kanta ta yarda a ba ekklisiya rance ba ruwa, ta karɓa a ƙarshe. Kuma duk Lahadi bayan sujada za mu soya masa, mu dama kunun gyaɗa, ribar ta shiga asusun haya. Alhajin da nake sarin tattasai a wurinsa ya ji muna maganar, ya ce buhun shinkafar masa na farko nasa ne, don yaran cocinmu ne ke masa dako shekara da shekaru bai taɓa rasa kwando ba.

Danladi Maigadi: Mu masu gadi ba za mu iya dubu hamsin a tashi ɗaya ba, amma 500 duk sati za mu iya. A ba kowa kati a riƙa sa hannu, wanda ke bakin aiki ya tura ta waya. Ni zan bi na Magodo da Ogudu in karɓa.

Istifanus: In mutum 120 suka riƙe 500 ɗin Danladi, 60,000 ke nan a sati. Sati ashirin ya ba da miliyan 1.2. A haɗa da abin da ke banki da rancen iyayenmu mata, an kai miliyan 2.55, ban da masa da ragin fetur. In Barista ta samo biya kashi biyu, bana za ta yiwu. Zan sa 100,000, kuma zan nemi 'ya'yan cocin nan da suka samu buɗi suka koma Lekki da Ajah da Abuja, amma sai katin ya fara tafiya, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ra'ayina dai bai canja ba a kan haya: ba za mu dawwama a haka ba. Ina roƙon dattawa su sa maganar fili a ajandar taron ekklisiya, a buɗe mata asusu dabam da ba a taɓawa, ko da 20,000 ne a wata. In shekara biyu ta wuce ba mu da komai a ciki, zan sake kawo maganar babban coci.

Markus daga Mubi: A turo lambar asusun. Mu da muka dawo gida mun kai goma sha biyar, zan sanar da su.

Dattijo Bitrus: Ba zan sa lambar a nan ba sai an ƙara masu sa hannu, gobe za mu je banki da Mama Saratu da magatakarda. Masu zuwa wurin mai gida ranar Asabar: Baba Fasto, Baba Yohanna, Barista da ni. Muna bukatar mutum ɗaya mai jin Yarbanci sosai, don tsohon ya fi sakewa da shi.

Malama Rifkatu: Mijina zai je, a Mushin aka haife shi. Ƙarfe nawa?

Dattijo Bitrus: Goma na safe, a haɗu a coci. Luka, ka zo da wuri ka duba mitar kafin mu tafi, ina so in nuna masa abin da muke biya.